Range Rover ta fara durƙusawa da safe: a gyara ta ko a sayar a koma V8?

"Assalamu alaikum Masta. Ni ɗan kasuwa ne a Aboabo, Kumasi, harkar hatsi da albasa nake yi. Shekara huɗu ke nan da na sayi Range Rover Sport ƙirar 2014, mai shan fetur, hom yus (wadda aka riga aka yi amfani da ita a waje) daga Amurka. Da farko ba ta ba ni wahala ba. Amma tun bara, in ta kwana sai in tarar ta durƙusa ta gaba ɓangare ɗaya, sai an tayar da ita sannan ta miƙe. Ruwan lagireto ma yana raguwa, yaron da ke kula da ita yana ƙara mata na famfo. Da sassafe kuma ina jin wata ƙara kamar ta sarƙa, na ɗan lokaci. Agogonta ya nuna 96,000. Ina zuwa Techiman duk mako, Bawku kuma kamar sau ɗaya a wata biyu. 'Yan'uwa suna ta cewa in sayar in sayi V8 in huta. Mece ce shawararka?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Tambayar taka ɗaya ce a baki, amma uku ce a ciki: me ke damun motar, ko ta cancanci kuɗin da za ta ci, sai kuma wadda 'yan'uwa suka dasa maka a zuciya, wato ko V8, Toyota Land Cruiser ke nan, hutu ce. Ni fita ne, wato bakanike, a Magazin, unguwar masu gyaran motoci nan Suame. Na haura shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin manyan motoci, kuma yawancin shekarun a kan Land Rover da Land Cruiser suka ƙare. Ban ga motarka ba, ban ji kukanta da kunnena ba. Abin da zan faɗa na ɗora shi ne a kan alamomin da ka lissafa da abin da na saba gani a jikin 'yan'uwanta.

Kafin komai, gobe in ka shiga motar ka dubi ƙananan haruffan da ke gefen lambar nan ta 96,000. Motar Amurka da mil take ƙidaya, ba da kilomita ba, sai dai in wani ya sauya. In mil ne, to motarka ta doshi kilomita 155,000. Mutane da yawa a Kumasi suna lissafin sabis ɗinsu a kan wannan kuskuren, su ɗauka motarsu budurwa ce alhali ta yi jika.

Ruwan nan shi ne gaba da komai

Ka fara da durƙusawa saboda ita ce maƙwabta suke gani. Ni da ruwa zan fara, domin durƙusawa kunya take jawowa, ruwa kuwa inji yake kashewa.

Sport ta 2014 da aka sayar a Amurka inji biyu take zuwa da su, 3.0 mai silinda shida ko 5.0 mai silinda takwas, kuma dukansu suna da sufacaja, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, zaune a tsakiyar injin daga sama. A ƙarƙashinta da bayanta akwai bututan ruwa na filastik. Shekara goma suna shan zafi suna hucewa, suna shan zafi suna hucewa, har su bushe kamar tsohuwar ƙwarya. Sai su fara tsatsa ta wajen ɗinkinsu. Ruwan yakan zuba a kwarin injin ya ƙafe a can, shi ya sa za ka leƙa ƙarƙashin mota ba ka ga ɗigo ko ɗaya ba, amma kullum tulun roba yana raguwa. In ka buɗe bonet bayan tafiya ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ko ka ga busasshen gishiri-gishiri mai launi a gefen bututu, to shi ne. Famfon ruwan waɗannan injinan shi ma ba ya daɗewa, yakan fara yoyo ta hancinsa.

Abin tsoron shi ne bututun da ya tsatsa ba ya ci gaba da tsatsa har abada. Wata rana zai buɗe gaba ɗaya, ruwa ya tsiyaye cikin minti kaɗan. Injin na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya karkatar da kansa ya ƙona gasket, shimfiɗar da ke rufe tsakanin kan injin da gangar jikinsa. Wani lokaci ma allurar zafi ba ta tashi da wuri, domin abin da ke auna zafin a cikin ruwa yake zama, in ruwan ya gudu sai ya rasa abin aunawa. Na taɓa karɓar irin wannan motar daga wani bawan Allah da saƙon ƙarancin ruwa ya fito masa a wajen Ejisu. Ya ce ai gida ya kusa, bari ya lallaɓa. A kan mota mai ja ta iso gare ni, kuma abin da da bututu zai magance sai da ya zama neman inji guda. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Yaronka kuma ya daina zuba mata ruwan famfo daga yau. Ba laifinsa ba ne, haka ya ga ana yi wa trotro, motocin haya. Amma ruwan famfo da na rijiya da fiya wata duk suna barin ƙasa-ƙasa a cikin lagireto, suna cin alminiyom daga ciki, kuma suna tafasa da wuri fiye da ruwan sanyaya inji na ainihi. In dole ta kama a hanya, a zuba abin da aka samu a tsira, amma in an dawo gida a zubar a sa na gaskiya.

Gwaji biyu nake so a yi mata. Na farko a ɗaura famfon hannu a bakin tulun ruwa, a matsa iska, a ga ko allura za ta sauka da kuma inda ruwan zai ɓullo. Na biyu a gwada ko hayaƙin inji yana shiga cikin ruwa. Akwai wani ruwa shuɗi da ake amfani da shi, in ya koma rawaya to gasket ta fara tafiya. A buɗe murfin baƙin mai kuma a duba ko ya yi kama da kokon da aka zuba wa madara. In gwaji na biyu ya fito lafiya, ka yi hamdala, ciwonka na filastik ne. Sai a ɗaga sufacaja sau ɗaya a sauya komai tare: bututun gaba, na baya, famfon ruwa, tamostat da ƙananan robobin da ke kewaye. Ana samun bututan na ƙarfen alminiyom yanzu, su nake sa wa masu motocina. Wanda ya sauya guda ɗaya don tsimi zai sake biyan kuɗin buɗewa bayan wata uku, domin sa'o'in juna ne, tare suka tsufa.

Ƙarar da kake ji da sassafe

Wannan ita ce ba zan iya yanke mata hukunci daga nesa ba. A cikin injin akwai sarƙoƙi da ke haɗa sama da ƙasa don komai ya yi aiki a kan lokacinsa. Abin da ke ɗame sarƙar da ƙarfin baƙin mai yake aiki. In mota ta kwana mai ya sauka, sarƙa takan yi sako-sako, sai ta yi kacau-kacau har mai ya hau. In daƙiƙa ɗaya ce ko biyu ta yi shiru, gargaɗi ne, akwai sauran lokaci. In tana daɗewa, ko kana jin ta ko da inji ya yi zafi, ko fitilar inji ta kama, to kada a jira. Sarƙa in ta tsallake haƙori, bawul da fistin ne za su yi karo.

Amma ba kowace ƙara ce sarƙa ba, kuma a nan ake cutar mutane. A hancin sufacaja akwai wata 'yar roba mai haɗa ta da abin da ke juya ta, in ta ci takan yi ƙara mai kama da ta sarƙa, gyaranta kuwa bai kai rubu'in wancan ba. Famfunan fetur masu matsa mai da ƙarfi su ma suna da tik-tik ɗinsu na halitta, wanda ba ciwo ba ne. Aikin sarƙa yana buƙatar ƙarafan kulle inji na musamman. Duk fitan da ya ce maka zai yi da alli da ido, ka gode masa ka ɗauke motarka.

Abin da ke kawo wannan ciwon da wuri shi ne baƙin mai. Kamfani ya rubuta a sauya shi bayan mil 16,000 ko shekara guda. Wannan lissafin titin da ba ƙura ne. Motar da ke tsayawa cik a cunkoson Kejetia da shataletalen Suame inji yana aiki agogo ba ya motsi, sannan ta shaƙi ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ba za ta kai can lafiya ba. Ni kilomita 7,000 zuwa 8,000 nake ba masu motocina, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Kuma mai mara kauri injin yake so, 5W-20 ko 0W-20 gwargwadon abin da aka rubuta wa taka. Akwai tsofaffin hannu a cikinmu da za su ce ƙasarmu da zafi, a sa 20W-50. Wannan karatun tsohuwar Peugeot ne. Hanyoyin mai a wannan injin ƙanana ne, mai kauri ba ya isa sama da wuri, sarƙar ce ke biyan bashin. Injin kuma ba shi da sandar duba mai, a allon gaban direba ake gani, saboda haka ka tambayi yaronka yadda yake dubawa. In ya yi shiru, ka san ba a taɓa dubawa ba.

Durƙusawar

Ita ce mafi sauƙi a cikin ukun. Motarka ba a kan sifirin ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan iska huɗu take, da kwamfireso a baya yana hura su. Robar jakar tana naɗewa tana warwarewa duk lokacin da mota ta yi sama ko ƙasa, kuma jar ƙasar hanyoyinmu tana shiga cikin naɗin tana goga ta kamar sanfefa. Bayan shekara takwas zuwa goma sai ƙananan tsaga su fito. Tunda ɓangare ɗaya ne ke sauka, na fi zargin jakar wannan ƙafar. A ɗaga motar zuwa matakinta na sama, a fesa ruwan sabulu, kumfa zai nuna wurin. In ba a gani ba, a cire fiyus ɗin tsarin da yamma don motar ta daina daidaita kanta cikin dare, da safe a ga wace ƙafa ce ta sauka ita kaɗai.

Kada a bar ta haka don tana miƙewa. Kwamfireso an yi shi ne ya yi aiki kaɗan ya huta. Yanzu kullum yana cika tulu mai huda, yana kuma zuƙo danshin Kumasi yana turawa cikin bawul. In ya ƙone, gyara ɗaya ya zama uku. A sauya na gaba biyun tare, sababbi, sannan a daidaita tsayin motar da kwamfuta. Jakar iska hom yus kuɗi ne aka zubar, domin robar da ta tsufa a Jamus ba ta komawa yarinya don ta hau jirgin ruwa.

Za a ba ka shawarar a cire tsarin iskar gaba ɗaya a sa sifirin ƙarfe. A tsohuwar Range ta kafin 2010 da ta riga ta zama motar gona, ba na musu. A taka ban yarda ba. Taushin tafiyar da ka saye ta dominsa zai tafi, allo zai cika da saƙonni, kuma ranar sayarwa mai saye zai rage maka fiye da abin da ka tsimta.

Abin da take ci ko tana lafiya

Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawa da dusa da kanwar kullum su ne. Motar da aka sayar da tsada tana sabuwa, farashinta na faɗuwa da shekaru amma na kayan gyaranta ba ya faɗuwa. Kuma kayan da dala ake shigo da su. Kowa ya tuna 2022, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi shida a farkon shekara ta haura goma sha huɗu kafin ƙarshenta. A shekarar motoci masu tsada da yawa sun kwanta a gareji, ba don ciwonsu ya yi tsanani ba, sai don masu su sun yi ta ɗage ƙananan gyare-gyare. Shi ya sa ba zan rubuta maka farashi a nan ba, abin da na faɗa yau zai iya zama ƙarya kafin Sallah.

Nauyinta ya haura tan biyu, saboda haka birki da taya da robobin hannayen ƙafar gaba ba sa daɗewa. In kana jin ƙwas-ƙwas a gaba idan ka hau tudun rage gudu ko ka taka birki, robobin ne. In wilinka mai inci 22 ne, ramukan hanyar Bolga zuwa Bawku ba za su bar shi ba. Inci 20 da taya mai kaurin gefe ya fi maka, matuƙar birkin motarka ya ba da wuri. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar hom yus mai kyawun haƙori amma ta shekara bakwai, a zafin hanyar Kintampo zuwa Tamale, ba abin da zan ɗora iyalina a kai ba ne.

Giyarta ta kamfanin ZF ce mai hawa takwas, giya ce mai kyau ƙwarai. Za ka ji ana cewa ba a taɓa sauya manta. Ban san man da ba ya tsufa ba. A inda agogonka yake, in ba a taɓa yi ba, a sauya mai da faranti mai matata, da man da aka yi domin ita, a kuma duba na akwatin raba ƙarfi da na aksul gaba da baya. Fetur kuma mai lamba 95 take so. Ba kowane gidan mai ke da shi ba in ka nausa arewa, don haka ka cika a manyan garuruwa, ka guji na galan a bakin hanya.

Batir ma yana da nasa labari. Waɗannan motocin in wuta ta yi rauni sai su fara mafarki: saƙon giya, saƙon birki, saƙon jakar iska, duk a lokaci ɗaya. Na ga an sayi kaya masu tsada a kan ciwon da batir ne kawai. Irin AGM take so, kuma in an sauya sai an sanar da kwamfutar motar. A wajen wanki kada a bari yara su juya tiyo mai ƙarfi a kan injin. Ramukan da ke zubar da ruwan tagar rufi kuma a busa su kafin damina, domin in sun toshe ruwa ƙarƙashin kafet yake sauka, inda wayoyi suke. Kamfani ya ce tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 85, amma wannan ruwa ne da ke tsaye wanda aka san ƙasansa. Ambaliyar Aboabo da ta rufe bakin kwata ba ta cikin wannan alkawarin.

Sai inshora da takardar lafiyar mota ta hukumar lasisi, DVLA, duk shekara. Mota irin wannan ban ga hikimar barin ta a kan ƙaramar inshora ba, fitilar gaba ɗaya kawai ta isa ta girgiza aljihu. Jikinta kuma alminiyom ne, ba kowane mai bugun jiki ke iya shi ba. Shawarata ka buɗe mata susu, wato asusu, nata na kanta, duk wata ka jefa wani abu, kada ka taɓa shi ko kasuwar albasa ta yi daɗi.

Hannun da ke taɓa ta

Ni ɗan Magazin ne kuma ina alfahari da wurin. Akwai mutanen da za su ƙera maka abin da babu shi a kasuwa. Amma gaskiya ɗaya ce: motar nan ba ta son yawan hannu. Yau wannan ya yanke waya ya ɗaure da salatif, gobe wancan ya goge saƙo da kwamfuta ya ce an gama. Goge saƙo ba magani ba ne, kamar a kashe ƙararrawa ne a bar wuta tana ci. Ka zaɓi mutum ɗaya da ke da na'urar da ke karanta Land Rover sosai, wanda zai nuna maka abin da ta faɗa, ya ba ka tsohon kayan da ya cire a leda. Ka ajiye ƙaramin littafi a motar, irin na bashin shago, a rubuta rana da lambar agogo da abin da aka yi. Ni kaina ba na buɗe cikin giya, kuma ba na sake rubuta kwamfutar mota. In aiki ya kai can, ina da waɗanda nake miƙa wa, kuma fitan da bai taɓa ce maka wannan ba aikina ba ne, ka yi hattara da shi.

Wajen kaya kuwa, ƙofa, fitila, madubi, bamba, duk ana iya ɗaukar hom yus a nan ko a Abossey Okai a Accra. Roba, filastik, na'urorin aunawa da duk abin da ya shafi ruwa da mai, sababbi kawai, ko da za a jira mako biyu daga Dubai ko Ingila.

To, V8 fa?

'Yan'uwanka ba su yi ƙarya ba, sun dai faɗi rabin magana. Abin dariya ma, mai yiwuwa motarka tana da silinda takwas, amma a Ghana in an ce V8 Land Cruiser ake nufi, har sabuwar da ta fito a 2021 wadda injinta silinda shida ne. Wadda kuɗinka zai fi kaiwa gare ta ita ce ƙirar 200, da aka yi daga 2007 zuwa 2021. Tana kan firam na ƙarfe, yawancinsu a kan sifirin ƙarfe suke, kuma da yawa suna da tanki biyu da ke ɗaukar lita 138. Babbar falalarta a gare ka ita ce gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun cika arewa da Toyota, don haka in ta tsaya maka a Walewale za ka sami wanda ya san ta. In Range ta tsaya a can, sai dai a ɗauko ta zuwa Kumasi.

Ɗaya rabin maganar shi ne tsada. Saboda kowa ya yarda da ita, farashinta ba ya sauka. Kuɗin da za ka samu a Range ɗinka ba zai sayi sa'arta ba, sai dai wadda ta girme ta ko ta fi ta shan wahala, ko kuma ka ƙara kuɗi masu yawa daga jarinka. Ita ma tana da nata. Mai dizal 4.5 tana da injekta takwas masu fesa mai da tabo (turbo) biyu masu cusa iska, gurɓataccen mai ko ƙurar da ta tsallake matatar iska suna iya jawo lissafin da zai sa ka tuna Range da alheri. Altanetarta a ƙasa take, tana shan laka. Mai fetur kuwa shan mai take kamar raƙumi a bakin rijiya, kuma ita ma lagireto da famfon ruwanta suna gajiya. Lexus LX 570, 'yar'uwarta, tana da tsarin ɗaga jiki na mai, wanda shi ma kulawa yake so. Da yawa daga cikin V8 ɗin da ke yawo a kasuwar hannu sun yi aikin kamfen ko na ma'adinai ko na ofis, an mayar da agogonsu baya, an yi musu fenti. Kada a guje wa gara a faɗa wa zago.

In har za ka saya, ko wace iri ce, lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 ita ce shaidarka. A bincika tarihinta a ƙasar da ta fito, domin motocin gwanjon Amurka da yawa na haɗari ne ko na ambaliya. Ta haɗari ana iya gyarawa, wadda ta sha ruwa kuwa ba ta warkewa, wayoyinta za su yi ta ruɓewa a hankali. A tabbatar kuma ba ta sata ba ce, domin EOCO, hukumar yaƙi da laifukan tattalin arziki ta Ghana, ta sha kama manyan motocin da aka sato daga Amurka da Kanada, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ke asara. A ga takardun kwastan na ainihi. In kai za ka shigo da ita ta Tema, ka sani wadda ta haura shekara goma tana da tara a kan harajinta, mai sitiyari a dama kuma ba a yarda da ita ba.

Inda na tsaya

In gwajin hayaƙi ya fito lafiya, giya tana shiga sumul, ƙarƙashin kafet a bushe yake, to ciwon motarka na tsufan roba da filastik ne, kuma kowace mota mai shekarunta tana bin mai ita wannan bashin. Ka biya shi sau ɗaya, ka more ta shekara biyu ko uku a Kumasi da hanyar Techiman da Accra. Ka san tarihinta na shekara huɗu, wanda ba za ka sani ba a kan wadda za ka saya. Tafiyar Bawku ce kawai ban so mata ba. Sama da kilomita 600 ne, kuma rabin hanyar babu mai taimakonta. Da ni ne, da kuɗin da zan ƙara a kan V8 sai in nemi Hilux mai lafiya don arewa, wadda za ta ɗauko maka buhu ma a dawowa.

In kuwa gasket ta tafi, ga sarƙa tana neman aiki, ko aka tarar motar ta taɓa shan ruwa, to kada ka zuba kuɗi. Ka gyara jakar iska don ta tsaya da ƙafafunta, ka faɗa wa mai saye abin da ke ciki, ka karɓi abin da ya samu. Kumasi ƙarama ce, wanda ka ɓoye wa aibi yau da shi za ka haɗu a sahun Juma'a. Sannan in V8 ɗin ce a ranka, ka je da fitanka da na'urarsa, ku ga motar da sassafe kafin kowa ya tayar da ita. Prado ma ka sa ta a lissafi, ta fi sauƙin riƙo kuma za ta kai ka duk inda albasa take.

A wannan makon dai kada ta je Techiman. Gobe da asuba, kafin a tayar da ita, ka sa yaron ya buɗe bonet ya riƙe waya kusa da gaban injin, ya ɗauki sautin daƙiƙa goman farko. Ka auna tsayin ƙafafun huɗu daga tsakiyar wili zuwa bakin jiki da daddare, ka sake aunawa da safe, ka rubuta. Ka sa alama da biro a jikin tulun ruwa inji yana sanyi. Da waɗannan ukun za ka je wa wanda zai duba ta.